Gidan Nesa Mai Araha: Ina Ragowar Kuɗin Take Tafiya?

[Hoto: titin Katsina da sassafe, adaidaita sahu sun yi layi a Kurna]

Ƙarfe bakwai saura ke nan. Duk waɗannan da kuke gani a bakin titi, cikin gari suka nufa. Wani Kantin Kwari, wani Singa, wani sakatariyar Audu Baƙo. Da yawansu kuma ba a nan aka haife su ba, tsadar haya ce ta koro su.

Kwanakin nan ana ta musu a kan wannan batu. Wasu sun ce ka koma Bachirawa ko Mariri ko Janguza ka huta da kuɗin haya. Wasu sun ce ka daure ka zauna kusa da wurin aikinka. Kowa da hujjarsa, amma akwai wuri ɗaya da lissafin yake karkacewa, kuma a nan za mu tsaya.

Haya a Kano sau ɗaya ake biya a shekara. Ranar da za ka ƙirga wa mai gida kuɗinsa, har zazzaɓi kake ji. Shi kuwa kuɗin mota, ɗari biyu ne, ɗari uku ne, canjin aljihu. Ba ya ciwo. To sai mutum ya ɗauki kuɗin shekara ya gwada da kuɗin yini ɗaya, ya ce ai nesa ta fi sauƙi. Ya auna ɗaya da mudu, ya auna ɗaya da cokali.

[Hoto: allo da alli]

Bari mu yi misali. Alƙaluman nawa ne, kai sai ka sa naka.

A ce ciki da falo a Fagge naira 600,000 a shekara. Irinsa a bayan gari 350,000. Ragowa 250,000. Kuɗi ne mai kyau, ba wanda zai raina.

Yanzu mota. Na Fagge hawa ɗaya zai yi, 200 zuwa, 200 dawowa, 400 ke nan a yini. Wani lokacin ma a ƙafa zai taka. Na bayan gari kuwa hawa biyu ne, domin ɗan sahu ba zai kai shi har ƙofar shago ba sai in shata ya ɗauka. A ce 600 zuwa, 600 dawowa, 1,200. Bambancinsu 800 kullum.

To ga wurin. Wannan 800 ɗin kada ka bar ta a yini, ka kai ta shekara. Ma'aikacin gwamnati kwana 22 yake fita a wata: 17,600. Sau goma sha biyu: 211,200. Cire daga 250,000 ɗin nan da kake murna da ita. Saura 38,800.

Shi kuma yaron shago a Kwari, da yake fita kwana shida a mako, kwana 26 ke nan a wata. Nasa ya kama 249,600. Abin da ya rage masa a shekara guda cur: naira 400.

[Shiru na ɗan lokaci, hoton naira 400 a tafin hannu]

Ko tsire ba za ta saya masa ba.

Kuma fa mutum ɗaya muka lissafa. In uwargida tana koyarwa a cikin gari, ko yara biyu suna makaranta a tsohuwar unguwa, kowane kai da kujerarsa. Ɗan sahu ba ya karɓar kuɗin iyali.

Da can lissafin bai kai haka zafi ba. Kafin a hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, babur yana kai ka har lungu. Sannan ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Haya sai shekara ta zagayo take tashi. Kuɗin mota kuwa kana iya kwana da farashi ka tashi da wani.

[Hoto: cunkoso a Kabuga, sai shataletalen Hotoro daga sama]

Sai lokaci. Gadojin da aka yi a Dangi da Hotoro da Ƙofar Nassarawa sun rage wahala, amma ba su rage nisa ba. In hanya tana cin maka ƙarin awa ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, awa 528 ke nan a shekara. Kwana 22 cif, dare da rana, kana zaune a bayan adaidaita gwiwarka tana dukan ƙarfe. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano naira 71,000 ne, wato awar aiki ɗaya ta kai kusan 400. Ni dai ba na mai da lokaci kuɗi sai ga wanda yake da sana'ar yamma da nisa za ta kashe masa. Amma wanda yake fita yara suna barci, ya dawo suna barci, ya san abin da yake biya.

Kada a ce na tsani bayan gari. Mai babur nasa, lissafinsa daban. Mai aiki a Sharaɗa ko Challawa ko sabuwar jami'ar Bayero, cikin garin ne ma nesa a wurinsa. Kuma gaskiya ɗaya ce: 600,000 a dunƙule, ga la'adar dillali a kai, ba kowa ke iya haɗa ta ba, ko da adashi. Mutum yana iya sanin kusa ta fi, aljihu ya ce a'a.

Sauran a gurguje: tambayi nawa mai ruwa yake sayar da kura a unguwar, ya wuta take, kuma ya hanyar take in damina ta sauka.

Kafin ka ba dillali ko sisi, je unguwar ranar Litinin, ƙarfe bakwai na safe, ba ranar Lahadi da yamma da zai so ya kai ka ba. Hau mota zuwa wurin aikinka, duba agogo, rubuta abin da ka biya. Ka maimaita bayan magariba, lokacin da 'yan sahu suke zaɓen fasinja.

[Hoto: mutum a bakin titi yana ɗaga hannu, adaidaita uku sun wuce cike]