Wasan ƙwallo ba kofi? Abin da na tarar a Melbourne ya ɓata min rai

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iska, ina tafe ne a gefen Royal Parade yanzu na fito daga filin ƙungiyar Carlton, wancan da kuke hango a bayana, Princes Park. Wallahi raina a ɓace yake, bari in faɗa muku tun da zafinsa. Mutum ya baro gida cikin wannan ranar ta Fabrairu, ya zauna sama da awa biyu yana ihu har murya ta dushe, a tashi wasa in juya in tambayi dattijon da ke kusa da ni na ce to Baba yanzu wanda aka ci ya fita kenan ko, sai ya girgiza kai ya ce ai babu fita babu shiga, babu kofi, motsa jiki ne kawai kafin a fara kaka. Na ce kamar yaya? Ya ce da can akwai, an kashe shi tun bayan 2013.

Ga waɗanda yau ne farkon shigowarsu, wannan ƙwallon ba irin tamu ba ce. Ta mutanen Ostireliya ce, suna ce mata futi, babbar gasar kuma AFL. Fili ba mai kusurwa huɗu ba, zagayayye ne mai ɗan tsawo, mutum 18 kowane ɓangare, ba gola ba raga, sanduna huɗu ne a tsaye a kowane ƙarshe. Ka buga ta wuce tsakanin manyan biyu na tsakiya maki 6, ta kauce ta bi gefe maki 1. Ana kamawa da hannu, ana naushinta a miƙa wa ɗan'uwa, ana kayar da mutum ƙasa alkalin wasa na kallo bai ce uffan ba. Abin da ya fi burge ni shi ne in an ɗaga ƙwallo sama, sai ka ga ƙato ya taka kafaɗar wani da gwiwa ya cafke ta a iska, ɗazu an yi ɗaya dab da inda nake zaune, na ji ƙarar haɗuwar jikinsu da kunnena, wanda aka taka ya tashi yana tofar da ciyawa ya ci gaba da gudu abinsa. Ni fa yanzu na iya dokokin nan sosai, har 'yan wajen aikinmu da aka haifa a garin nan wani lokaci ni suke tambaya me ya sa aka hura.

To dattijon nan shi ya zaunar da ni ya ba ni labari, gyalen Carlton a wuyansa mai ruwan bula duk ya koɗe, ya ce a zamaninsu kafin kaka ta fara a watan Maris akwai gasa ta sili ɗaya ƙwale, an ci ka ka tattara kayanka. Asalinta ma tun 1956 ne, wasan dare a Lake Oval da ke South Melbourne, lokacin ƙungiyoyin da ba su kai zagayen ƙarshe ba su ake haɗawa a ƙarshen kaka. Sai a 1988 aka mayar da ita gaba ɗaya kafin kaka. Sunanta kuma ya danganta da wanda ya zuba kuɗi, an yi Panasonic Cup, an yi Foster's Cup, sai Ansett Cup daga 1995 har kamfanin jirgin saman ya durƙushe a 2001, sai Wizard Cup, sannan NAB Cup daga 2006 zuwa 2013. Akwai wasan ƙarshe da daddare, akwai kofi, akwai kuɗi, har lambar yabo ta gwarzon wasan ƙarshe akwai, Michael Tuck Medal, sunan wani tsohon ɗan wasan Hawthorn.

Kuma ku ji abin da ya fi ƙona min rai. A gasar nan suke gwada sababbin dokoki, daga 2003 suka kawo wata da in ka tsaya bayan layin mita 50 ka narka ta ta shiga tsakiya, maki 9 za a ba ka maimakon 6. Tara! Ku yi tunani ana binku maki 8 saura daƙiƙa kaɗan, wani yaro da ba wanda ya san sunansa ya ɗauko ta daga can nesa ya aika, shi kenan an kori babbar ƙungiya gida. Na je na nemo tsofaffin bidiyon na kalla a YouTube a nan zaune kafin in fito, tsigar jikina har tashi ta yi. Wannan abin suka ɗauke suka bar mu da wasan da koci ke cire gwaninsa ana tsaka da wasa ya je ya zauna yana shan ruwa.

Bari in tsallaka titi, taragon nan ba ya wasa da mutum. Af, duk mai zuwa garin nan ya nemi katin myki, na biyan kuɗin tarago, tun ranar farko, cikin tsakiyar gari hawa tarago kyauta ne amma nan wajen ya fita daga yankin kyauta, kar ka ga ba kwandasta ka ɗauka banza ta faɗi, masu duba kati na shigowa ba sallama kuma tarar ba kaɗan ba ce.

Na tambaye shi to me ya sa aka kashe. Ya ce abu biyu. Na farko lissafi, da ƙungiya 16 ce, ka ga ta rabu daidai, 16 zuwa 8 zuwa 4 zuwa 2, mako huɗu an gama. Sai Gold Coast ta shigo a 2011, GWS ta Sydney ta biyo a 2012 suka zama 18, aka fara kame-kame, a haɗa ƙungiya uku a dare ɗaya su buga gajerun wasanni, abin ya fara fita daga hayyacinsa. Na biyu kuma kociyoyi ba sa so, tsoron rauni suke, kowa idonsa na kan babban kofi na Satumba a MCG, babban filin wasan Melbourne. Kuma gaskiya suna da abin nunawa, don shi kansa dattijon da ya zo nan sai da ya yi shiru ya sosa ƙeya. Carlton ɗinsa ta ɗauki kofin a 2005 ta doke West Coast, aka yi ta murna ana cewa bana tamu ce, aka shiga kaka suka ƙare na ƙarshe a tebur. Suka sake ɗauka a 2007, suka ƙare na 15 cikin 16. Brisbane ta ci na ƙarshe a 2013, ta doke Carlton ɗin ma, kafin shekarar ta fita an sallami kocin Brisbane Michael Voss, kuma shi ɗin ne dai Carlton ta ɗauko a ƙarshen 2021, ikon Allah.

Amma ni wannan hujjar ba ta cika min ciki ba. Essendon ta ci kofin share fage a 2000 ta je ta ci babban, Geelong ma haka a 2009. Ina raunin, ina gajiyar? Kuma ku dubi Western Bulldogs, tun 1954 rabonsu da babban kofi a lokacin, da suka ci NAB Cup a 2010 ai magoya bayansu sun samu abin riƙewa, yaro ya ga kyaftin ɗinsa ya ɗaga kofi da idonsa. Ƙungiya 18 kofi ɗaya tal a shekara, sauran 17 su koma hannu rabbana. Wasan da ba mai fita kamar a shirya dambe ne a buga kalangu a yi kirari, sannan a ce ba kisa, kowa ya kwance zarensa ya tafi gida. Har ƙasashen waje suka kai gasar nan fa, an buga a Cape Town a 1998, yau kuma sai ka bi dogon bayani kafin ka gane ma wa zai kara da wa.

Wayyo rana. Ku duba hannuna. A gida yanzu sanyi ne ke bankwana, da safe Hajiyarmu na nan ta hura gawayi ana ɗumama tuwon jiya, ni kuwa ina nan ina soyuwa, don nan Fabrairu tsakiyar zafi ne. Ina gargaɗinku, kar wanda ya ce ni baƙi ne rana ba ta kama ni, ranar ƙasar nan daban take, cizo take yi. Ka sa hula, ka shafa man kariya, ka zo da gorar ruwanka daga gida, ni da tawa ta ƙare sai da na ba da dala 6 a kan ruwan roba ɗaya, na juya shi zuwa naira a kaina na fasa lissafin. Sannan abincin filin, wannan fanken naman da kowa ke riƙe da shi ana zuba masa jan miya a kai, in ba ka ga an rubuta halal ba ka kama bakinka. Giya kuma ana sha, in da iyali ka zo ka tambayi ɓangaren da ba a sha, yawancin manyan filaye suna da shi.

Shi ya sa ma na nufi nan. Tarago mai lamba 19 zan hau, ya miƙe da ni Sydney Road ta Brunswick har Coburg, can ne shagunan Labanawa da Turkawa suke, nama halal ko'ina, dala 15 ka ci gasasshe da burodi ka ƙoshi, akwai wajen sallah kusa. Ba tsire ba ne, ba ƙuli ba yaji, amma yana rage zafi.

Dattijon ya ce in jira farkon kaka, Richmond da Carlton daren Alhamis a MCG, filin da ke ɗaukar mutum 100,000, wai a nan zan ga wasa na gaske da maki a kai. Zan je in Allah ya yarda kuma zan ɗauko muku. Amma na faɗa masa ni dai a dawo da kofin nan, ko da a 2028 ne da Tasmania za ta shigo su zama 19, a zauna a yi lissafin yadda za a raba, a dawo da maki 9 ɗin ma. Duk wanda ke Melbourne ko Geelong cikin 'yan uwa yana son mu tafi tare ya yi min magana da wuri, tikitin wasan nan ba ya jira. Ga taragona nan ya iso, sai mun haɗu.