Darasi: Yadda ake sake wa ordinatar sistem da faifan DVD

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram. Ƙanena, matso da kyamarar su gani da kyau. To, ga ta nan. HP ce, ta hannu, wani ɗalibin jami'ar André Salifou ya sayo ta daga Kano. Windows 7 ne a cikinta, da Ingilishi, ga birus ya cika ta, in ka kunna ta sai ka ɗora shayi ya tafasa ba ta gama buɗewa ba.

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. Windows 10 ma an janye masa kulawa ranar 14 ga Oktoba 2025. Shi kuma Windows 11 yana neman wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin na'urori irin wannan ba su da shi. Saboda haka na ba mai ita shawara mu zuba mata Linux Mint, wani sistem ne daban da Windows, kuma ya yarda. Kyauta ne, babu lasisin saye, yana jin Faransanci, yana zuwa da Firefox da LibreOffice na rubutu da lissafi. RAM giga 2 ya ishe shi tashi, in da 4 ya fi sakewa. Sai dai na'urar ta kasance mai bit 64.

Maganar faifai. Fayil ɗin da kake saukewa daga intanet sunansa ISO, na Mint bai kai giga 4 ba, DVD na yau da kullum kuwa giga 4.7 yake ɗauka, ka ga ya shiga. CD ba zai yi ba, mega 700 ne kawai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya kwafe fayil ɗin ya jefa cikin faifai kamar waƙa. Wannan faifan ba zai taɓa tada ordinatar ba. A Windows 7 danna fayil ɗin da hannun dama na linzami, ka zaɓi inda aka ce a ƙona hoton faifai, «Graver l'image disque», ka sa alama a wurin da ke duba faifan bayan an gama.

Kuma ku share faifan kafin ku sa, da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki. Mu nan kun san ƙurar hunturu, ba inda ba ta shiga. Na'urori da yawa da ake cewa lektar ɗinsu ya mutu, ƙura ce ta zauna kan idon da ke karanta faifan. In taka ba ta da wurin faifai, akwai lektar na waje da ake jonawa ta USB, ko a yi aikin da kile, wato ƴar ma'ajiyar USB.

Sharja a jone, ko da batirin ya cika. Batirin na'urar hannu ba abin dogaro ba ne, in kuma an ɗauke kuran ana tsakiyar aiki, ka rasa tsohon sistem, sabon bai zauna ba, sai ka sake daga farko. A kan tebur za ka aje ta, ba kan katifa ba, don iska ta samu hanya.

To, na sa faifan, na kashe ta gaba ɗaya. Ku dubi yatsana. Da na danna maɓallin kunnawa, sai in riƙa buga Esc, tak tak tak, ba jira. Ga jerin ya fito, sai F9. Wannan na HP ne. Dell da Lenovo da Toshiba galibi F12 ne, Asus kuma Esc. Acer ma F12 ce, amma sau da yawa sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar, da F2 ka buɗe ta tukuna. In ka ga tambarin Windows ya fito, ka makara, kashe ka sake, ba abin da ya lalace. Me muke yi a nan? Ita ordinatar ta saba in ta farka ta nemi sistem a cikin babban diskinta. Mu kuma muna ce mata yau ki fara duba faifai. Ga sunan lektar nan a jerin, na sauka kansa da kibiya, na danna Entrée. Da faifan Windows ne, nan zai ce ka taɓa kowane maɓalli, sai ka taɓa da sauri.

Kun ji faifan yana juyawa? Ku yi haƙuri da shi, DVD ba ya gaggawa.

Yawwa. Yanzu ku saurare ni da kyau, don saboda wannan wurin na ɗauki darasin nan. Abin da kuke gani a fuskar ordinatar Linux Mint ne, amma daga faifai yake gudana, bai taɓa diskinka ba ko kaɗan. Duk kayanka suna nan. Na buɗe diskin, ga dosiyen mai ita: darussansa, hotunan gida, rubutun memwar ɗinsa. Na jona kile, ina kwashe su. Ko da Windows ɗinka ya ƙi tashi sam, ta wannan ƙofar kana iya ceto kayanka. Ku duba Desktop, wato Bureau, ku duba Documents, ku duba Downloads, wato Téléchargements, don nan mutane suka fi mantuwa. In an gama kwafewa, a kai kilen wata na'ura a buɗe fayil biyu uku a tabbatar suna buɗewa.

Wata ɗaliba ta taɓa zuwa mini tana kuka. Ta kai ordinatar wurin wani mai gyara ta ce ta yi nauyi, ya yi mata formataj, wato ya share diskin, bai tambaye ta komai ba. Memwar ɗin da ta shekara tana rubutawa ya tafi, saura ƴan makonni ta gabatar. Mun kwana biyu muna nema, abin da muka samu bai kai rabi ba, saboda sabon sistem ya riga ya hau kan wurin. Har yau abin yana ci mini rai. Masu gyara ƴan'uwana, don Allah ku riƙa tambaya. Kai ma mai na'ura, kada ka miƙa ta sai ka kwashe kayanka da hannunka.

Tun muna nan, mu gwada wifi, ya kama. Sauti yana fita. To, sai mu danna hoton faifan nan da ke kan fuska, na girkawa. Harshe, Français. Sai klabiye, kuma nan ma a kula. Na'urorin Kano QWERTY ne, mu kuma mun saba da AZERTY tun lakwal. Dubi abin da ke rubuce kan maɓallanka ka zaɓi irinsa. In ka zaɓi na Faransa a kan QWERTY, ka danna A sai Q ta fito, kalmar sirrin da za ka sa ma ba za ka gane abin da ka rubuta ba. Akwai ɗan fili a ƙasa, gwada rubutu a ciki. Sa alama a wurin kodek don bidiyo da waƙa su buɗe.

Ga shafin da ba a komawa baya. Zaɓi na farko ya aje Mint kusa da Windows, duk lokacin kunnawa ka ɗauki wanda kake so. Na biyu, «Effacer le disque», ya share diskin kaf, har ɓangaren D da wasu ke zaton yana tsira. Mu sharewa muka zo yi, kuma kayanmu suna cikin kile, na cire shi ma na sa aljihu. Bismillah, na danna. Wurin agogo, Niamey. Suna, kalmar sirri, a rubuta ta a takarda.

Mun yanke bidiyon kaɗan, ga shi ta gama, tana neman a sake kunnawa. Ta turo faifan waje, na cire, na danna Entrée. Kun gani, ta tashi da kanta, da Faransanci. Ƙanena, miƙo wayar nan mu ba ta intanet ta ɗauki sabuntawa, wannan ƴar garkuwar da ke ƙasa ta dama ita ce wurin. Kafin ta gama, bari in fiddo kilen mu mayar wa malam ɗalibi memwar ɗinsa.