Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Muhalli a Ziyararsa ga Masu Ƙananan Masana'antu na Kano

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Ministan Muhalli, wakilin Mai girma Gwamnan Jihar Kano, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, 'yan uwana masu masana'antu da masu sana'ar hannu, maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, a madadin masu casar shinkafa, da masu tatsar man gyaɗa, da masu gidajen burodi, da masu yin ƙanƙara, da majema da maƙera da suka cika wannan fili tun hantsi, ina yi maka barka da zuwa birnin Dabo. Mun ji daɗi ƙwarai da ka zaɓi a yi wannan zama a nan Sharaɗa, cikin ƙarar injuna da ƙaurin man gas, alhali da ka so da an shirya maka shi a ɗakin taro mai sanyi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma abin da muke son ka gani yau yana da wuyar bayyanawa a takarda.

Mun san alkawuran da ƙasarmu ta ɗauka a gaban duniya, kuma muna alfahari da su. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Nijeriya ta ce zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama duniya ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba. A shekarar 2021 ɗin dai ta sabunta alkawarinta ƙarƙashin yarjejeniyar Paris, cewa za ta rage hayaƙin da kashi 20 cikin ɗari da ƙarfin kanta kafin 2030, ko kashi 47 idan ta samu tallafi daga waje, sannan a watan Nuwamba aka sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi wadda ta tanadi majalisar kula da sauyin yanayi ta ƙasa da kuma asusu na musamman. Tun 2015 akwai manufar ƙasa kan makamashi mai sabuntuwa da tattalin makamashi, a 2017 kuma aka fitar da ƙa'idar gina gidaje masu ƙarancin cin wuta. Ta fuskar takardu dai ba a bar mu a baya ba. Abin da har yanzu muke dako shi ne kuɗin da zai ɗauko waɗannan takardu daga Abuja ya sauke su a ƙofar masana'anta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ka ba ni dama in faɗi abin da ke cikin tawa masana'antar, wadda za ka shiga nan gaba kaɗan. Injin da ke juya na'urar casata na gada ne daga mahaifina. Sau huɗu yana ƙonewa ana kai shi a sake naɗa masa waya, kuma duk sanda ya dawo sai ya ƙara zafi da cin wuta, har ta kai yaran da ke aiki a kansa ba sa iya dafa shi da hannu bayan azahar. Wannan zafin wuta ce na biya kuɗinta, ko man gas ne na ƙona a janareta, amma ko ƙwayar shinkafa ɗaya bai casa mini ba. Masana sun ce kowace lita ta man gas da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. Idan aka lissafa irin wannan inji a Bompai da Challawa da Dakata da Tokarawa, aka haɗa da tsofaffin firizojin gwanjo da masu ƙanƙara ke fama da su, da tukwanen gumin shinkafa na Kura da ke lashe itace a buɗaɗɗen murhu, za a ga cewa wani babban kaso na hayaƙinmu asara ce tsagwaronta, wadda ba ta amfani mai sana'a ba, ba ta amfani ƙasa ba.

Na san sabon injin da ya dace da ni, na san farashinsa, kuma na yi lissafi na ga rarar kuɗin wuta kaɗai za ta biya shi cikin 'yan shekaru. Da na je wani banki da wannan lissafi, jami'in ya saurare ni cikin mutunci, sannan ya ce sai na kawo takardar mallakar gida, kuma bashin na wata goma sha biyu ne. Ban ga laifinsa ba, domin ba a taɓa koya masa ɗaukar rarar wuta a matsayin kuɗin shiga ba. Na dawo na sake kai tsohon injin wurin mai naɗi.

Lamarin ya ƙara tsananta tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a kullum, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. Duhun da ya rufe yawancin Arewa na kwanaki a watan Oktoban 2024 ya nuna mana yadda igiyar da muke rataye da ita take da siranta. A irin wannan hali, duk yunit ɗin da aka yi tsiminsa kamar an samar da sabo ne. Ƙwan fitila na da yana cin wat 60, na zamani mai irin haskensa yana cin kamar wat 9. Idan aka sauya miliyan ɗaya, an sauke wa layin wuta nauyin megawat 51 a duk lokacin da suke kunne, ba tare da an gina tasha ko an ja waya ba. Tashar hasken rana ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019 megawat 7.1 ce, kuma muna murna da ita, amma a kwatanta a gani.

Saboda haka, ranka ya daɗe, babban roƙonmu shi ne a ware wani sashe bayyananne na Asusun Sauyin Yanayi domin tattalin makamashi, a mai da shi asusu mai juyawa wanda zai ba da rance a naira, na tsawon shekaru, a riƙa biya daga rarar da sabon injin ya kawo, shi kansa injin ya zama jingina. Muna jaddada naira domin wanda ya ci bashin dala yana sayar da shinkafa a Dawanau ya san abin da faɗuwar kuɗi ta yi masa. Gwamnati ta riga ta nuna hanya: a Disambar 2017 ta sayar da takardun lamuni na kare muhalli na naira biliyan 10.69, irinsu na farko daga wata gwamnati a Afirka, ta ƙara na biliyan 15 a 2019. Muna fatan na gaba zai tuna da injuna da murahu.

Akwai kuma wata gaskiya game da Kano da ya kamata masu tsara asusun su sani tun daga farko. Da yawa daga cikin mutanen da ke zaune a gabanka ba za su karɓi bashi mai ruwa ba ko da kuwa ruwan kaɗan ne, domin addininsu ya hana. Idan aka tsara shirin ba tare da hanyar murabaha ko ijara ba, inda banki zai sayi injin ya sayar ko ya ba da haya, kuɗin zai zauna a asusu a ce mutanen Arewa ba su nema ba. Gwamnatin Tarayya ta gina hanyoyi da sukuk tun daga na naira biliyan 100 a 2017, don haka wannan ba baƙon abu ba ne a gare ta.

Kuɗin inji kaɗai ba zai wadatar ba. Ana buƙatar mutanen da za su shiga masana'anta da na'urar awo su faɗa wa mai ita inda wutarsa ke zurarewa, kuma matasanmu da suka gama Kwalejin Fasaha ta Kano da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil za su iya wannan aiki idan aka horar da su aka biya su. Haka nan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa tana da ma'aunin cin wuta na firji da na'urar sanyaya ɗaki, amma sai an ba ta abin aiki kafin ma'aunin ya yi tasiri a kasuwar Sabon Gari, inda mai saye ke duba araha kawai. Su ma sababbin gine-ginen gwamnati ya dace su fara bin ƙa'idar 2017. Duk wanda ya shiga soron Gidan Makama a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ya ji sanyin da kaurin bango da tsayin rufi ke bayarwa, zai yarda kakanninmu sun riga mu fahimtar wannan ilimi.

Muna sane da cewa Shirin Sauya Makamashi na Nijeriya na 2022 ya ƙiyasta cewa ana buƙatar ƙarin kimanin dala biliyan 10 a kowace shekara, kuma ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 300 a shekara zuwa 2035 a taron sauyin yanayi na Baku a 2024. Idan ka zauna da su, ranka ya daɗe, ka gaya musu cewa Tafkin Chadi da ya janye da hamadar da ke matso mu ta arewa ba mu ne muka fi jawo su ba, amma ga mu a shirye da namu kason aikin. A namu ɓangaren mun amince za mu buɗe littattafan kuɗin wutarmu da na man gas ga masu awo, kuma za mu tsaya wa juna wajen biyan duk abin da aka ba mu, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Bayan wannan zama za mu zagaya da kai masana'antu uku, ka fara da tawa, sannan gidan ƙanƙara da gidan burodi, kafin a yi sallar azahar a ci abinci. Muna ƙara yi maka maraba kai da tawagarka. Allah Ya yi maka jagora a wannan nauyi da aka ɗora maka, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.