Rubutu Ɗaya, Furuci Biyu: Kalmomin Turanci Masu Sauya Murya

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi kalmar nan da ke kan allo: record. Yaya za ku karanta ta?

Duk yadda kuka faɗa, akwai yiwuwar kun yi daidai, akwai kuma yiwuwar kun kuskure, domin kalmar ita kaɗai ba ta isa ta nuna muku ba, sai an ga jimlar da ta zauna a ciki. Idan ana maganar bayanin da aka adana, ko tarihin bajintar da ɗan wasa ya kafa, sai a ce RE-kod, a ɗora nauyin murya a kan gaɓar farko. Idan kuwa aikin ake nufi, wato naɗar murya ko rubuta abu don a ajiye, sai a ce ri-KOD, nauyin ya koma gaɓa ta biyu.

Bahaushe bai kamata wannan ya firgita shi ba. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya. Haka gari na mazauni da gari na tuwo, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Amma wa ya taɓa ganin mai karanta labarai a rediyo ya tsaya yana tunanin wace kuka ake nufi? Idonsa ya riga bakinsa ganin jimlar. Wannan baiwar muke so mu ɗauko mu yi aiki da ita a Turanci.

Ga ƙa'idar da ta fi yawa. A kalmomi masu gaɓa biyu da ke iya zama suna, su kuma iya zama aikatau, suna yana ɗaukar nauyi a gaba, aikatau yana ɗauka a baya. Present: PRE-zant kyauta ce, pri-ZENT gabatarwa ce. Export da import, waɗanda 'yan kasuwa ke ji kullum: EKS-pot kayan da aka fitar, iks-POT fitar da su. Permit: PA-mit takardar izini, pa-MIT bayar da izinin. Suspect: SAS-pekt wanda ake zargi, sas-PEKT yin zargin. Produce: PRO-dyus amfanin gona, pra-DYUS samarwa. Haka rebel, contract, conduct, insult, increase da project, duk hanya ɗaya suke bi.

Yanzu ku ƙara kasa kunne, domin a nan ne mafi yawanmu muke tuntuɓe. Mukan ɗauka nauyin murya na Turanci ɗaga sauti ne kawai, kamar karin sama na Hausa. Ya wuce haka. A Hausa kowace gaɓa tana samun haƙƙinta, ana furta wasalinta sarai ko karinta na sama ne ko na ƙasa. Bature kuwa idan ya ɗora nauyi a kan gaɓa ɗaya, sai ya ja ta, ya ƙara mata ƙarfi, sannan ya danne maƙwabciyarta har wasalinta ya kusa ɓacewa. Ku saurari object. Idan abu ake nufi, OB-jikt, wasalin farko a buɗe yake. Idan ƙin amincewa ake nufi, kamar yadda lauya ke yi a kotu, ab-JEKT, wasalin farkon ya koma ɗan gajeren sauti marar ƙarfi, da ƙyar za ka kama shi. A ganina, wanda ya koyi danne gaɓar da ba ta da nauyi ya ci rabin yaƙin. Ɗalibai da yawa sun san inda nauyin yake a takarda, suna cin tambayoyin furuci a jarrabawar WAEC da NECO, amma idan sun buɗe baki sai su ba gaɓoɓin biyu ƙarfi ɗaya, mai sauraro ya rasa wacce suke nufi.

Daga ina wannan ɗabi'a ta samo asali? Tun a tsohon Turanci, sunaye sun fi son nauyi a gaɓar farko, yayin da aikatau masu ɗafa-goshi, wato ɗan ƙarin da ake liƙawa a farkon kalma, ke barin ɗafa-goshin ba nauyi. Bayan da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci suka yi ta kwarara cikin Turanci, daga baya na Latin suka biyo. Da yawansu sun shigo da nauyi a baya. Sannu a hankali, cikin ɗaruruwan shekaru, sunayen suka riƙa matsar da nauyinsu gaba, aikatau suka zauna inda suke. Har yau tafiyar ba ta ƙare ba. Shi ya sa za ka ji Ba'amurke ya ce AD-res idan yana nufin adireshi, mutumin Ingila kuma ya ce a-DRES, kowa da gaskiyarsa.

Sai dai kada ku ɗauki ƙa'idar ku yafa wa kowace kalma. Report, support da reply nauyinsu yana baya ko suna ne ko aikatau. Answer, visit da promise nasu yana gaba a kowane hali. Waɗannan sai dai a san su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani rukuni da nauyin ba ya motsi, baƙin ƙarshe ne ke sauyawa. Use: yus amfani, yuz yin amfani. Close: klos kusa, kloz rufewa. House: haus gida, hauz saukar da mutum a gida. Excuse ma haka. Refuse kuwa ta haɗa biyun: RE-fyus shara ce, ri-FYUZ ƙi ne. Sai masu ƙarewa da -ate, su kuma wasalin ƙarshe ne ke sauyawa. Wanda ya kammala jami'a GRA-ju-wat ne, kammalawar kuma GRA-ju-weit. Separate da estimate su ma haka suke.

Rukuni na ƙarshe shi ne marar ƙa'ida, kuma shi ya fi kama da namu na kuka da gari. Lead da ake furtawa lid jagoranci ne, wanda ake furtawa led kuwa dalma ce. Asalinsu kalmomi biyu ne daban, rubutu ne ya haɗa su. Tear: tiya hawaye, teya yagawa. Wind: wind iska, waind naɗewa. Minute: MI-nit minti, mai-NYUT abu ɗan mitsitsi. Read kuma lokaci ne ke juya ta: rid idan yanzu ne, red idan an riga an karanta. Desert tana da tarko na musamman: DE-zat hamada ce irin Sahara, di-ZAT kuwa gudu ne a bar mutum ko a bar bakin aiki, kuma furucinta ɗaya da dessert mai s biyu, kayan zaƙin da ake ci bayan abinci.

To, idan kuna karatu kuka ci karo da ɗaya daga cikinsu, ku dubi abin da ya gabace ta. In kun ga a, the, my ko this, galibi suna ne. In kun ga to, will, can, ko I da they, galibi aikatau ne. Idan har yanzu akwai shakka, ku buɗe ƙamus, ku nemi ɗan ƙaramin layi a tsaye da ake sawa a sama cikin rubutun furuci. Gaɓar da ke biye da shi ita ce mai nauyi. Ƙamus na waya ma yana da alamar lasifika, ku danna ku saurara.

Ga jimla ɗaya ku gwada da bakinku, da ƙarfi, har sau uku: They will present the present. Ta farko pri-ZENT, ta biyu PRE-zant.