Ɗaki na yoyo: kafinta za a kira ko mai kwano?

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi, na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, da duk inda ake kallonmu.

Ruwan farko ya sauka cikin dare, an ja katifa gefe, an jera bokiti da kwanuka a tsakar ɗaki. Gari na wayewa Hajiya ta ce, "Maza a kira kafinta." To Hajiya, a ɗan dakata tukuna. Wataƙila aikin ba nasa ba ne.

Rufi hawa biyu ne. Akwai ƙashi, wato katakon da ke ɗauke da nauyi, akwai kuma kwanon da ke tare ruwa. Ƙashin na kafinta ne. Kwano, da tulluwar sama inda ɓangarori biyu suka haɗu, da kwarin da ruwa ke gangarowa, da indararo, waɗannan na mai aikin kwano ne. A Zongo sau da yawa mutum ɗaya ke yin duka, amma ko shi akwai inda hannunsa ya fi faɗawa.

Saboda haka kafin a kira kowa, a samu tocila a leƙa cikin silin da rana tsaka. In ka ga haske na shigowa ta ƙananan huji, ko tsatsa ta zagaye kan ƙusa, katako kuwa lafiya lau, wannan aikin mai kwano ne. Kada tabon da ke jikin silin ya ruɗe ka. Ruwa kan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga, sai ka ga tabon yana nan, hujin yana can.

Sai ka ɗauki sukundireba ka soki katakon. In ta nutse kamar ka soki burodi, ko gari na zubowa, gara ta riga ka. Fita waje ka tsaya nesa ka dubi layin saman rufin. Ya lanƙwashe a tsakiya kamar bayan tsohon jaki? Nemi kafinta. Ko ka sayi kwano mafi tsada a Ghana, in ka ɗora shi kan ruɓaɓɓen katako, ƙusa ba ta da abin kamawa. Guguwar watan Maris da Afrilu, wadda ke buɗe babbar damina a Kumasi, ita ce ke yaye irin wannan rufin ta kai shi gidan maƙwabta.

In kafinta ne, tambaye shi wane katako zai sa. Je da shi kasuwar katako ta Sokoban, inda aka mayar da 'yan katakon Anloga, ka gani da idonka. Katakon da ake kira wawa yana da araha da rashin nauyi, amma ƙwari na sonsa, ba shi ne na ɗaukar rufi ba. Dahoma ya fi shi ƙarfi da juriya nesa ba kusa ba. Odum kuwa sai mai hali. Ko wanne ka saya, ya kasance busasshe, domin ɗanye yakan murɗe bayan an kafa shi. A shafa masa maganin gara tun yana ƙasa, har da bakin da aka yanka. Sannan ka duba yadda ya ɗaure katakon da ke kwance kan bango da rodin ginin. Nan ne iska ke fara gwada ƙarfinta.

Mai kwano shi ma da nasa tambayoyin. Kauri nawa? Tsakanin milimita 0.3 da 0.4 ido ba ya ganin bambanci, amma ƙafa na gani: siririn yakan lotsa da an taka. Ƙusa ko noti, a kan tudun kwano ake sa shi, da robarsa, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. In ka ga yana yanka kwanon aluzinc, wato na ƙarfe da aka lulluɓe da aluminium da zinc, da giranda, tsayar da shi. Zafin yana ƙone lulluɓin da ke kare ƙarfen, ɓurɓushin da ya zuba kuma shi ke fara tsatsa. 'Yan'uwanmu na Accra, musamman masu kusa da teku, ku kun fi mu sanin wannan, iskar gishiri ba ta raga wa kwano.

Mai sabon gini kuwa, duka biyun zai nema, kafinta a gaba. Dogon kwanon nan na zamani a kan awo kamfani ke yanko shi, don haka kada a auna sai katako ya tsaya. In ƙashin na ƙarfe ne, to mai walda ne ya maye gurbin kafinta.

Wajen jinga, a raba kuɗin kaya da kuɗin hannu, a rubuta. Kafin alƙalami a ba da, amma cikon a riƙe wani abu sai an yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya an ga silin a bushe. A kuma faɗa a gaban su biyun wanda zai dawo in ya yi yoyo, don kada mai kwano ya ce katako ne ya karkace, kafinta ya ce shi ai ba shi ya buga ƙusa ba, Hajiya kuma tana nan da bokitinta.