Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Sufurin Jiragen Sama

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, a madadin kwamitin shirya wannan taro na injiniyoyi da masu bincike kan jirage da sararin samaniya, muna yi maka lale marhabin da zuwa Kaduna. Ƙwazonka sananne ne, ba sai mun tsaya lissafi ba. Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, ƙasar da ka taka yau ba baƙuwar jirgi ba ce. Tun 1925 jiragen sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano. An yi zamanin da jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka sai sun ya da zango a can sun sha mai. A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda ta yaye matuƙa da injiniyoyi daga ƙasashen Afirka da dama. Nan Kaduna aka harhaɗa ƙaramin jirgin horo Air Beetle, nan kuma injiniyoyin sojan sama suka fito da jirage marasa matuƙi, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018.

To, ina amfanin baɗi ba rai? Tun da Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, gyara mai nauyi yawanci sai an kai jirgi ƙasar waje an biya da dala. Yaran da muka koyar kuwa, wasu sun tafi ƙasashen Larabawa, wasu suna zaune da takardu a gida.

Saboda haka kukanmu ɗaya ne: a gina mana babbar rumfar gyaran jirage a Arewa, haɗe da ɗakin bincike da gwaje-gwaje, inda ɗalibi zai kwance inji da hannunsa, mai ƙera jirgi mara matuƙi ya gwada fikafikansa kafin ya tashe shi. Masana suna nan, ga su zaune a gabanka.

Akwai batun tallafin karatu da na shigo da kayan gyara, waɗannan za su iya jira. Rumfar ce ba ta jira. Muna roƙo, ranka ya daɗe, a sa ta cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa, kuma in da hali mu ji daga bakinka kafin ka tashi daga wannan zaure.

Allah ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin Shirya Taro