Ƙwayar SIDA Ba Iri Ɗaya Ba Ce: Yadda Rassanta Ke Yawo Tsakanin Maza Masu Neman Maza

Masu kallo, assalamu alaikum. Daga Garwa zuwa Marwa har Njamena, idan aka ce "wane ya kamu da SIDA", sai a ɗauka ƙwaya ɗaya ce tak. A'a, dangi ce guda mai rassa da yawa.

Ƙwayar da ke kawo SIDA, wato ƙanjamau, sunanta HIV. Da farko akwai HIV-1 da HIV-2. Ta biyun ta fi yawa a Yammacin Afirka, wajen Gini Bisau da Senegal, kuma ba ta da saurin yaɗuwa. HIV-1 kuwa gida huɗu ce: M da N da O da P. Tushenta a dazukan kudancin Kamaru yake, daga jikin birai ta tsallako jikin mutum, sannan ta bunƙasa a Kinshasa wajen 1920. Gidan M ne ya mamaye duniya. An gano N a 1998 a Kamaru, P kuma a 2009 a jikin wata 'yar Kamaru mazauniyar Faransa. Shi ya sa Kamaru tana cikin wuraren da ƙwayar ta fi iri-iri a duniya.

Gidan M ma ya rarrabu. Reshen C shi ne kusan rabin masu cutar a duniya, musamman a kudancin Afirka da Indiya. Reshen B ya bi ta Haiti ya isa New York wajen 1970, ya shiga tsakanin maza masu neman maza, kuma shi ne ya fi yawa a Amurka da Yammacin Turai har yau. A Kamaru kuwa wanda ya fi yawa shi ne CRF02_AG, gaurayen reshen A da reshen G.

A nan mutane ke kuskure. B ba ya zaɓar maza masu neman maza, shi dai ya riga shiga cikinsu ne a can. A Senegal bincike ya nuna reshen C ya fi yawa a tsakanin irin waɗannan maza fiye da sauran jama'a. Duk reshen da ya fara faɗawa cikin ƙaramin rukunin mutanen da suka san juna, suke kuma saduwa da juna, shi zai cika wurin.

Me ya sa take gudu haka a tsakaninsu? Fatar cikin dubura siririya ce ƙwarai, ba ta fitar da ruwan santsi, ƙaramin gogayya kan yage ta ba tare da an ga jini ba. A ƙiyasin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, cikin saduwa 10,000 babu kariya da mai ƙwayar, wanda aka sadu da shi ta dubura zai iya kamuwa sau 138. Mace ta farji, sau 8. Sannan namiji ɗaya kan ɗauka ta wannan hanya, gobe ya ba wani idan shi ne ya sadu da shi. Ga makonnin farko na kamuwa, lokacin da ƙwayar ke kai miliyoyi a jini, mutum yana jin zazzaɓi da ciwon makogwaro, ya je kemis ya sayi maganin zazzaɓin cizon sauro.

Ga kuma ɓoyo. Sashe na 347-1 na dokar laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 5, Chadi ma ta haramta a 2017. Tsoro kan hana mutum zuwa gwaji. Da yawansu magidanta ne, ƙwayar kuma ba ta tsayawa a ƙofar gida: tana isa ga uwargida, daga ita zuwa jariri. Wannan ne ya fi damunmu.

Sai maganar da muke yawan ji: "Ai mu biyu duk muna da ita, kwaroron roba na mene ne?" Ɗan'uwa, taka daban, tasa daban. Ana iya kamuwa karo na biyu da wani reshe. Idan iri biyu suka haɗu a ƙwayar halitta ɗaya, sai su cakuɗa su haifar da sabon gauraye, kamar yadda CRF02_AG ya samu. Idan kuma tasa ta riga ta bijire wa magani saboda yana sha yana tsallakewa, bijirarriyar zai ba ka.

Bambancin ya shafi magani ma. Nevirapine da efavirenz ba sa aiki a kan HIV-2, haka ma yawancin gidan O. Maganin da ake bayarwa yanzu, TLD, ƙwaya ɗaya a rana mai ɗauke da dolutegravir, ya fi faɗin aiki, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wata shida da farawa, a auna yawan ƙwayar a jini. Idan ta sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini ta zauna a nan, ba ka ba kowa ita ta hanyar saduwa.

Wanda bai kamu ba, ya riƙe kwaroron roba da man santsi mai ruwa. Man kaɗanya da man gyaɗa da basilin suna cinye robar, ta fashe ana tsakiyar abu. Akwai PrEP, maganin rigakafi da ake sha kafin haɗari. Idan roba ta fashe, a garzaya asibiti a nemi PEP, maganin da ake sha bayan haɗari, kafin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. Gwajin da ake yi da ɗigon jinin yatsa kuwa ba ya ganin sabon kamu nan take, don haka idan ya nuna babu, a koma bayan wata uku a sake.